Me ya sa suke ƙona mai a ƙasa kafin su harba roka?

Abban Hanifa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin abin nan ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Na ga bidiyon babbar rokar nan ta kamfanin SpaceX da suke kira Starship, an kunna injinanta tana tsaye a dandalinta can Texas, wuta ta riƙa fita ta ƙasa, ƙura da hayaƙi suka turnuƙe ko'ina, bayan 'yan daƙiƙoƙi aka kashe, ita kuwa roka ko motsi ba ta yi ba. Sai kuma na ga ana ta murna wai gwaji ya yi kyau.

Toh ni abin da ban gane ba, waɗannan fa 'yan kasuwa ne riba suke nema, me zai sa su zuba mai mai uban yawa haka su ƙone shi a tsaye? Sannan me ke riƙe ta da ba ta tashi ba? Kuma a 'yan daƙiƙoƙin nan me ake iya gani? Kuma shi injin ba gajiyar da shi ake yi ba tun kafin ranar aiki? Na ma ji an ce akwai waɗanda suka fashe a wurin gwajin. Ina amfani da Starlink a shagona shi ya sa nake bibiyar labarinsu, ku taimaka da bayani yadda irinmu za su gane.

Ɗan Kurna

Wa alaikumus salam. Malam ai ko janareto ka je saya a Sabon Gari ba ka biyan kuɗi sai an zuba mai an tayar maka ka ji ƙararsa, an jona masa ƙwan lantarki ka ga ya kawo. Balle abin da za a ɗora wa kayan miliyoyin daloli, wani lokacin ma har da mutane. Man da suka ƙona ɗin nan shi ne mafi arha a cikin harkar gaba ɗaya. Amma bari Injiniya ya zo, shi ne zai maka dalla-dalla.

Injiniya Zazzau

Wa alaikumus salam Abban Hanifa, tambayoyinka duk suna kan hanya. Bari in ɗauki wata rokar SpaceX ɗin, Falcon 9, don ita ce ke kai taurarin ɗan adam na Starlink ɗin da kake amfani da su kuma ita aka fi sanin yadda ake gwada ta.

Irin wanda ka gani a bidiyo shi ne gwaji na ƙarshe ma, kafin shi an yi wasu. Falcon 9 injina 9 ne a ƙasanta, sunansu Merlin, ana ƙera su a Kalifoniya sai a ɗauko kowanne a kai shi wani fili da kamfanin yake da shi a garin McGregor na jihar Texas a ɗaure shi a jikin ƙarfe da kankare a kunna shi shi kaɗai. In ya ci jarrabawa a haɗa su tara a jikin rokar a sake kunnawa tare, sannan a ɗauke ta a mota zuwa Fulorida ko Kalifoniya inda za a harba, a can kuma a tsayar da ita a cika ta da mai kamar yau ne ranar tashi a kunna na 'yan daƙiƙoƙi a kashe.

Dalilin wannan wahala shi ne abin da ke faruwa a cikin injin. Kananzir ne tatacce ake haɗawa da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, oksijin sai ya kai digiri 183 ƙasa da sifili yake zama ruwa, su kuma SpaceX suna ƙara sanyaya shi zuwa wajen 207 ƙasa da sifili don ya ƙara kauri tanki ya ɗauki da yawa. Wannan abu mai tsananin sanyi shi famfo zai zuƙo, famfon yana juyawa sama da sau 30,000 a minti ɗaya, ya tura shi ɗakin ƙonewa inda zafi ya haura digiri 3,000. Jan ƙarfen da ke bangon ɗakin kuwa a digiri 1,085 yake narkewa. Abin da ke hana bangon ɗakin narkewa shi ne kananzir ɗin kansa da ake zagayawa da shi ta wasu siraran hanyoyi a cikin bangon kafin ya shiga wuta, yana ɗauke zafin. Ka ga in hanya ɗaya ta toshe da ɗan ɓarɓashin ƙarfe ko walda ta yi ɗan tsagu da ido ba ya gani, ba yadda za a yi ka sani sai ka kunna.

Su injiniyoyin ba wutar suke kallo ba, suna can nesa a ɗaki gaban kwamfutoci. An liƙa na'urorin awo a ko'ina a jikin injin, suna auna matsi da zafi da girgiza da gudun famfo da lokacin da kowane bawul ya buɗe, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Kunnawa da kai wa cikakken ƙarfi na daga wuraren da inji ya fi ba da matsala, shi ya sa gajeren gwaji ma yake da amfani sosai. In ka sake kallon bidiyon Falcon 9 ka lura da kyau, kafin jar wutar akwai wani koren haske da ke walƙawa sau ɗaya, wani sinadari ne da ke kamawa da kansa da zarar ya haɗu da oksijin, shi ne ashanar injin. Farin gajimaren da ke tashi kuma yawancinsa tururi ne, ruwa ake kwarara wa ƙarƙashin rokar don ya shanye zafi da ƙara, saboda ƙarar kaɗai in ta daki ƙasa ta dawo tana iya lalata rokar.

Maganar me ke riƙe ta: akwai wasu manyan ƙugiyoyin ƙarfe da ke damƙe ta a gindi, sannan nauyinta na taimakawa. Falcon 9 in an cika ta tana kai tan 549, ƙarfin turin injinan kuma wajen tan 770, toh ƙugiyoyin bambancin suke riƙewa. Ko ranar harbawa ta gaske sai injinan sun kama sun kai ƙarfi kwamfuta ta duba ta gamsu sannan take sakin ƙugiyoyin. Ranar 19 ga Mayu 2012 saura rabin daƙiƙa a saki roka kwamfuta ta ga matsi ya yi yawa a inji na 5 ta kashe duka, aka duba aka samu bawul ɗaya ne ya lalace, aka canza, ranar 22 ta tashi lafiya, kumbon Dragon da ta ɗauka ya zama na farko na kamfani mai zaman kansa da ya isa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Sarkin Yaƙi

Injiniya Allah ya ƙara basira, amma gaskiya ni ina tare da mai tambaya a wani ɓangare, don gwajin nan ya taɓa cinye kayan mutane kuma mu nan Afirka abin ya shafa. Ranar 1 ga Satumba 2016 a Cape Canaveral ta jihar Fulorida ana cikin zuba wa Falcon 9 mai don irin wannan gwajin, ko kunna injin ba a kai ga yi ba, sai ta kama da wuta daga sama, kuma tauraron ɗan adam ɗin da za ta kai yana kanta. AMOS-6 sunansa, na wani kamfanin Isra'ila ne Spacecom, kuɗinsa wajen dala miliyan 200, kuma Facebook sun riga sun kama hayar wani sashe nasa don su kawo intanet ƙasashen Afirka kudu da Sahara. A satin nan ma Mark Zuckerberg yana wannan nahiya, ya zo Legas ya wuce Nairobi ya dawo Abuja ya ga Buhari. Tauraron nan ya ƙone ƙurmus, dandalin harbawar ma ya lalace sai da aka yi fiye da shekara ba a yi amfani da shi ba. Toh a nan wa gwaji ya amfana? Da ba a yi ba ai wataƙila da ya tashi lafiya.

Injiniya Zazzau

Sarkin Yaƙi asarar kam an yi ta ba musu, kuma laifin ɗora tauraron a kai lokacin gwaji nasu ne, don su rage kwana ɗaya ko biyu na aiki suke yin haka, bayan nan in kayan kwastomomi ne sai aka koma gwadawa ba kaya a kai. Amma maganar da zai tashi lafiya ban yarda ba. Abin da bincike ya gano shi ne a cikin tankin oksijin na sashen sama akwai wasu ƙananan tulunan iskar hiliyom, cikinsu alminiyom ne an naɗe bayansu da zaren kabon. Oksijin ya shiga tsakanin alminiyom ɗin da zaren ya maƙale, sanyin hiliyom da ake zubawa ya kai har zai iya daskarar da shi, matsi ya ƙaru abu ya kama. Wannan a wajen zuba mai ya faru, kuma ranar harbawa ma ai sai an zuba man nan ta hanya ɗaya. Matsalar tana nan kwance tana jiran ranarta. Sun canza yadda suke zuba hiliyom, daga baya suka sake ƙera tulunan gaba ɗaya kafin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta yarda a ɗora mutane, kuma a Janairun 2017 suka dawo harbawa.

Malam Na Tarihi

Ku ba ni dama in ɗan koma baya, don an taɓa gwada ɗaya hanyar an ga ƙarshenta. Lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suke tseren zuwa duniyar wata, Sobiyet sun ƙera wata ƙatuwar roka N1 mai injina 30 a sashen ƙasa. Ba su gina wurin da za a ɗaure sashen nan a kunna injinan duka tare ba, kuɗi da lokaci suka hana. Kuma su injinan an yi su ne da bawul ɗin da sau ɗaya yake buɗewa, in ka kunna don gwaji ya gama aiki, sai dai a zaɓi wasu daga cikin rukuni a gwada in sun yi kyau a ɗauka sauran ma haka suke. Wato wanda zai tashi ɗin ba a taɓa kunna shi ba. Sau 4 aka harba N1 daga filin harba rokokinsu na Baikonur tsakanin 1969 da 1972, sau 4 tana faɗuwa tun sashen farko bai gama aikinsa ba. Ta biyu a Yulin 1969 daƙiƙoƙi kaɗan da tashi ta dawo kan dandalin ta tarwatsa shi, makonni biyu kafin Amurkawa su harba Apollo 11, kumbon da ya fara sauke mutane a duniyar wata.

Su kuma Amurkawa injinsu F-1 ya ba su wahala ƙwarai, wutar cikinsa takan fara kaɗawa da kanta har ta farfasa injin cikin ƙiftawar ido. Abin da suka yi ya burge ni, sai suka riƙa sa ɗan ƙaramin bam a cikin ɗakin ƙonewar suna tayar da shi inji na cikin aiki, da gangan, don su ga ko wutar za ta koma ta daidaita. Suna canza fasalin farantin da ke fesa mai suna sake gwadawa, gwaji kusan 2,000, har suka samu wanda yake kwantar da kansa. Rokarsu ta zuwa wata, Saturn V, mai irin injin nan guda 5 ba ta taɓa faɗuwa a sama ba. Wurin da suka gina a jihar Misisipi don gwada sassanta yana nan har yau, cibiyar Stennis, a can NASA ta ɗaure sashen rokarta SLS a Janairun 2021 ya mutu bayan daƙiƙa 67, suka gyara suka sake a Maris ya yi sama da minti 8 yana ci.

Maman Sadiq

Sannunku da ƙoƙari, ina karantawa ina ƙaruwa. Ni abin da ya fi damuna rayukan da ake ɗorawa ne, kaya ko na nawa ne ana mayarwa. Ranar 20 ga Afrilu 2019 kumbon Crew Dragon na SpaceX mai ɗaukar mutane, wanda wata guda kafin nan ya je tashar sararin samaniya ba kowa a ciki ya dawo lafiya kowa na yabo, shi aka ɗaure a Fulorida za a gwada injinan da ke fizge kumbo su gudu da shi in roka ta samu matsala. Wato injinan ceton rai. Kafin su kama kumbon ya tarwatse, mutanen da ke bakin teku suka hango jan hayaƙi. Ashe ɗan sinadarin mai ne ya sulale ta wani bawul ya shiga bututun hiliyom, da aka saki matsi ya tafi da gudu ya daki wani bawul na ƙarfen titaniyom ya kama wuta. Ba wanda ya ji ciwo don ba kowa kusa. Ku yi tunanin ranar da 'yan sama jannati suke ciki suna buƙatar injinan nan su cece su sannan abin ya faru. An cire irin bawul ɗin an sa wani abu daban, sai a 30 ga Mayu 2020 Bob Behnken da Doug Hurley suka hau wani kumbon irinsa suka je suka dawo lafiya. Wallahi duk wanda yake da ɗa ko miji a irin aikin nan ba zai ce an yi asarar mai ba.

Sarkin Yaƙi

Hajiya wannan gaskiya ne na karɓa. Sai dai kar mu ɗauka in an gwada a ƙasa shi ke nan an gama. Ita Starship ɗin da Abban Hanifa ya gani, a Fabrairun 2023 sun kunna injina 31 cikin 33 amma a wajen rabin ƙarfi, kankaren ƙasa ya jure suka ɗauka zai iya. Ranar 20 ga Afrilu da aka zo harba ta aka sakar mata ƙarfi sai da ta haƙa rami a ƙarƙashin dandalin, guntayen kankare suka yi ta tashi har cikin teku, injina suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wajen minti 4 da tashi ta tarwatse. Bayan nan ne suka shimfiɗa farantin ƙarfe mai feso ruwa. Ga kuma kumbon Starliner na kamfanin Boeing, an gwada an gwada, amma a Yunin 2024 da ya ɗauki Butch Wilmore da Suni Williams ƙananan injina 5 cikin 28 suka ƙi aiki yana dab da tashar sararin samaniya, mutanen da suka je don kwana 8 sai da suka haura wata 9, a kumbon SpaceX suka dawo a Maris 2025.

Injiniya Zazzau

Haka ne, ƙasa ba ta iya kwaikwayon komai, babu rashin nauyi, kuma zafin da ke taruwa in an jera injina a akwati ɗaya ana kunna su akai-akai a sarari yana da wuyar kwatantawa. Amma ka lura ko a maganar Starliner ɗin, da abin ya faru ina aka koma? White Sands a jihar New Mexico, aka ɗaure irin injin aka riƙa kunna shi yadda aka yi a sama har aka ga wata 'yar robar Teflon da ke cikin bawul tana kumbura in ta yi zafi tana rage hanyar mai. Da wannan NASA ta yanke cewa kumbon ya dawo ba kowa a ciki.

Abban Hanifa

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, yau na sha karatu. Saura biyu Injiniya: ba a taɓa samun wadda ta ƙwace daga ƙugiyoyin ba? Kuma maganar gajiyar da inji ba ka taɓo ba.

Injiniya Zazzau

An taɓa kuwa. Ranar 30 ga Yuni 2024 a garin Gongyi na lardin Henan a Chaina wani kamfani mai zaman kansa Space Pioneer yana gwada sashen farko na rokarsa Tianlong-3, wurin da aka ɗaure ta ya karye ta tashi sama ba wanda ya aike ta, injina suka mutu ta juyo ta faɗo kan tsaunukan da ke kusa ta fashe, mutanen gari suna ɗauka a waya daga gidajensu. An ce ba a rasa rai ba, amma kusancin wurin da gari abin tsoro ne, ni a ganina bai kamata a ba da izinin gwaji a irin wannan wuri ba. Stennis da Malam ya ambata an kewaye ta da fili eka 125,000 da ba a yarda kowa ya zauna ba, sai da aka tashi ƙauyuka kafin a gina ta. Kuma gwajin kan ci rai in aka yi sakaci da nisa, a Yulin 2007 a Mojave ta Kalifoniya ma'aikata 3 na kamfanin Scaled Composites sun mutu suna gwada kwararar sinadari na injin da ake shirya wa kamfanin Virgin Galactic mai kai 'yan yawon buɗe ido sararin samaniya, ba a ma kunna wuta ba tanki ya fashe suna tsaye kusa.

Maganar gajiya kuma, eh kowane kunnawa yana cin wani abu daga rayuwar inji, musamman wannan fita daga tsananin sanyi zuwa tsananin zafi, ana lissafa shi kuma ana rubutawa. Amma Merlin an ƙera shi ne don a yi ta kunnawa, akwai sassan Falcon 9 da suka tashi suka dawo suka sauka sama da sau 20. Shi ya sa yanzu in rokar da ta saba tashi ce kuma taurarin Starlink nasu za ta kai, sau da yawa ba sa tsayawa gwajin dandali, bayanan tafiyarta ta baya sun ishe su. In an canza mata inji ko an yi babban gyara sukan kunna su gani, in kuma mutane za ta ɗauka sai an yi.

Ɗan Kurna

Injiniya mu nan fa? Na san tauraron ɗan adam ɗinmu NigComSat-1R Chaina ce ta harba mana a 2011, kuma hukumar sararin samaniyar Najeriya NASRDA tana da cibiyar harkar roka a Epe ta jihar Legas. In akwai wanda ya taɓa zuwa can ko ya yi karatu da su don Allah ya buɗe mana sabon zare ya ba mu labarin irin gwajin da suke yi, ina da ƙane a jami'a yana karanta injiniyancin kanikanci kuma harkar nan yake so.